Barbara Jordan: 'Yar majalisar Amurka da ta shekara 22 tana fama da cutar jijiyoyi

A daren 25 ga watan Yulin 1974, miliyoyin Amurkawa sun zauna gaban talabijin suna kallon kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai yana muhawara a kan ko za a tsige Shugaba Richard Nixon. An ba kowane ɗaya daga cikin mambobin kwamitin 38 minti goma sha biyar ya faɗi matsayinsa. Yawancin jawaban da aka yi a wannan zama an manta da su, amma har yau ana koyar da na wata baƙar fata 'yar shekara 38 daga jihar Texas, wadda ko shekara biyu ba ta cika a majalisar ba.

Sunanta Barbara Jordan. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, watanni kaɗan kafin wannan dare likitoci sun shaida mata cewa tana ɗauke da cutar da ke zaizaye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wadda aka fi sani da sunanta na taƙaice, MS. A lokacin babu wani magani da ke rage wa cutar gudu. Ta rayu da ita shekara 22, kuma kusan duk abin da duniya ta san ta da shi ta yi shi ne a cikin waɗannan shekaru.

Tasowarta a Houston

An haifi Barbara Charline Jordan ne a ranar 21 ga watan Fabrairun 1936 a birnin Houston, a wata unguwar talakawa baƙar fata da ake kira Fifth Ward. Ita ce auta a cikin 'ya'ya mata uku. Mahaifinta, Benjamin Jordan, ma'aikacin wani sito ne kuma mai wa'azi a cocin Baptis, mutum ne mai tsananin tarbiyya wanda ba ya ɗaukar wasa a kan karatu. Amma wanda ya fi tasiri a kanta tana ƙarama shi ne kakanta na wajen uwa, John Ed Patten, mai sana'ar gwangwan, wanda take wuni a wurinsa ran Lahadi suna tsince tsummoki da ƙarafa. Shi ne ya riƙa cusa mata cewa ba dole ba ne ta zama irin sauran yaran unguwa.

Texas ta wancan zamani jiha ce ta wariyar launin fata a hukumance. Makarantu daban, kujerun mota daban, hatta famfon shan ruwa daban. Ta yi sakandare a makarantar Phillis Wheatley ta baƙar fata zalla, inda wata lauya mai suna Edith Sampson ta zo ta yi wa ɗalibai jawabi, daga nan Barbara ta ƙudura cewa lauya za ta zama. Da ta gama a 1952, babbar Jami'ar Texas da ke Austin ba ta karɓar baƙar fata a matakin digirin farko, don haka ta shiga Jami'ar Texas Southern, wadda gwamnatin jihar ta kafa musamman don kada baƙaƙe su nemi shiga ta Turawa.

A can ta shiga ƙungiyar muhawara a ƙarƙashin malaminta Thomas Freeman, har suka taɓa yin kunnen doki da ɗaliban Harvard. A nan ne aka gyara muryar nan tata mai kauri, wadda ke fitar da kowane harafi dalla-dalla. Ta gama a 1956, ta wuce makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Boston, inda ta fito a 1959. Ita da kanta ta bayyana daga baya cewa a Boston ne ta gane irin cutarwar da makarantun wariya suka yi mata, domin sai da ta riƙa raba dare tana karatu kafin ta kamo takwarorinta.

Faɗuwa biyu, sannan nasara

Ta koma Houston a 1960, ta buɗe ofishin lauya a kan teburin cin abinci na gidan iyayenta, ta kuma shiga yi wa John Kennedy da Lyndon Johnson yaƙin neman zaɓe. Ta nemi kujerar majalisar dokokin jiha a 1962 ta faɗi, ta sake nema a 1964 ta sake faɗuwa. Dalili a fili yake: ana zaɓen wakilan ne da ƙuri'un ƙaramar hukumar gaba ɗaya, ta yadda ƙuri'un unguwannin baƙar fata ke nutsewa a cikin na Turawa.

Bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta a sake shata mazaɓu, aka kuma kafa dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965, sai ta tsaya takarar majalisar dattawan jihar a 1966 ta lashe. Rabon da baƙar fata ya zauna a wannan majalisa tun 1883, mace baƙa kuwa ba a taɓa yi ba. Ta tarar da maza 30, dukansu Turawa, wasunsu ma ba su ɓoye ƙyamar da suke yi mata ba. Maimakon faɗa, sai ta haddace ƙa'idojin majalisar har ta fi wasu tsofaffin ciki saninsu, ta kuma taimaka aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a jihar. A ranar 10 ga watan Yunin 1972 aka ba ta riƙon kujerar gwamna na kwana ɗaya, bisa wata al'ada ta girmamawa. A wannan rana ce mahaifinta ya samu bugun jini, washegari ya rasu.

A ƙarshen wannan shekara aka zaɓe ta zuwa Majalisar Wakilai ta tarayya da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'u, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta je majalisar daga kudancin Amurka. Tsohon Shugaba Johnson, ɗan jiharsu, shi ya sa baki aka ba ta gurbi a kwamitin shari'a, makonni kaɗan kafin mutuwarsa a watan Janairun 1973.

Wace irin cuta ce?

A cikin shekararta ta farko a Washington ƙafafunta suka fara sagewa, ƙarfinsu yana raguwa. Bayan gwaje-gwaje a 1973 aka tabbatar mata da cewa MS ce.

Kowace jijiya a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya tana lulluɓe da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Duk wanda ya taɓa gyaran injina a masana'antun Bompai ko Sharaɗa ya san abin da ke faruwa idan robar waya ta ɓare: wuta ta riƙa zuwa tana yankewa, wani lokaci ta ƙi isa inda ake so. A cutar MS garkuwar jikin mutum ce da kanta take far wa wannan riga, ta bar tabo a wurare da dama. Saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa ko ido ko mafitsara sai ya makara, ko ya ɓace a hanya. Shi ya sa alamominta suka bambanta daga mutum zuwa mutum: wani gani ne zai yi masa dishi-dishi ko ya riƙa gani bibbiyu, wani jiri da tangaɗi, wani kasa riƙe fitsari, kusan kowa kuma da wata irin gajiya wadda barci ba ya kawar da ita.

Wani likita Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana ta a matsayin cuta mai zaman kanta a birnin Paris a 1868. Ta fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Ba a ɗaukar ta daga wani. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na masu ita suna farawa ne da nau'in da ke tasowa ya lafa, mutum ya yi makonni a kwance sannan ya miƙe kamar ba shi ba. Da yawa daga cikinsu bayan shekaru cutar kan rikiɗe ta zama mai ci gaba ba tsayawa. Sauran kuwa tun farko haka take zo musu, kowace shekara tana ɗan rage wani abu, abin da ta rage kuma ba ya dawowa.

Tafiyar cutar a jikin Barbara Jordan ta bi wannan hanya ta raguwa sannu a hankali. Da farko ɗingishi, sai sanda, sai abin dogarawa mai ƙafa huɗu, daga ƙarshe keken guragu. Muryarta da kaifin tunaninta ne kawai cutar ba ta taɓa ba, kuma da su take sana'a.

Jawabin Watergate

A jawabin nata na 1974 ta fara ne da tuna wa jama'a cewa lokacin da aka kammala rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a 1787, ba a lissafa irinta a cikin mutanen da kundin ke magana da yawunsu ba, sai daga baya ta hanyar gyare-gyare da hukunce-hukuncen kotu aka shigar da ita. Duk da haka ta ce ta yi imani da kundin ɗari bisa ɗari, kuma ba za ta zauna ta zuba ido ana rusa shi ba. Daga nan ta riƙa ɗauko abin da waɗanda suka tsara kundin suka ce game da laifukan da ke sa a tsige shugaba, tana jera su ɗaya bayan ɗaya kusa da abin da aka tabbatar Nixon ya aikata wajen rufe batun fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate. Ba ta fito ta ce a tsige shi ba. Ta bar mai sauraro ya haɗa lissafin da kansa.

Bayan kwana biyu kwamitin ya amince da tuhumar farko da ƙuri'a 27, 11 suka ƙi. Nixon ya sauka daga mulki a ranar 9 ga watan Agusta.

A 1975 ta yi tsayin daka har aka faɗaɗa dokar zaɓe ta haɗa da Texas da kuma Amurkawa masu magana da Sifaniyanci, waɗanda ake hana su zaɓe ta hanyar buga takardun ƙuri'a da Ingilishi kaɗai. Amma ba kowa ne ke yabonta ba. Wasu 'yan gwagwarmayar baƙar fata suna ganin ta cika kusantar manyan Turawan Texas, zargin da ya ƙara ƙarfi a wannan shekara da ta je kotu ta ba da shaidar kyawun hali ga tsohon gwamna John Connally, wanda ake tuhuma da karɓar hanci. Ita dai ta zaɓi ta yi aiki daga cikin gida, kuma ba ta taɓa neman gafarar kowa a kan haka ba.

A ranar 12 ga watan Yulin 1976 ta gabatar da babban jawabin buɗe taron jam'iyyar Democrat a New York, mace baƙar fata ta farko da aka ba wannan dama. Da Jimmy Carter ya ci zaɓe ta nuna cewa muƙamin ministan shari'a kaɗai za ta karɓa, shi kuwa ya ba Griffin Bell. A watan Disambar 1977, tana da shekara 41, ta ba da sanarwar cewa ba za ta sake tsayawa takara ba. Mutane suka yi ta mamaki, domin kujerarta babu mai iya ƙwacewa.

Shirun shekara goma sha biyar

Ba ta ce rashin lafiya ce ta sa ta bar majalisa ba, ta ce tana son ta juya ga wani aiki ne. Masu tambaya game da ɗingishinta kuwa, amsar da suke samu ita ce gwiwa ce ke damunta. Ko a littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 1979 ba ta ambaci cutar ba.

Wannan shiru abin dubawa ne, musamman ga mai karatu a Najeriya da bai manta da watannin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi yana jinya a Jidda daga Nuwamban 2009 ba, ƙasa tana cikin duhu game da halin da yake ciki. Amurkawa ma sun san irin wannan, domin Shugaba Franklin Roosevelt ya yi shekara goma sha biyu yana mulki ana kaffa-kaffa kada a ɗauki hotonsa a keken guragu. Sai dai lamarin Barbara Jordan ya bambanta da na shugaban ƙasa da ke kwance. Cutarta ba ta hana ta karanta doka ko kaɗa ƙuri'a ba, kuma ta sauka da kanta tun kafin jikin ya gaza. Mace ce, baƙa ce, a majalisar da ake neman dalilin raina ta, ta kuma san cewa ranar da aka ji sunan cutar, daga ranar za a daina sauraron hujjarta a koma kallon ƙafafunta. Illar shirun ita ce dubban baƙaƙen Amurka masu irin cutar sun rasa wata babbar murya da za ta iya yi musu magana, a zamanin da littattafan likitanci ke koyar da cewa MS cutar Turawa ce.

Wannan koyarwa ba ta tsaya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kudancin California ya gano cewa baƙaƙen mata suna kamuwa da ita fiye da fararen mata, wasu binciken kuma sun nuna cewa takan fi saurin nakasa baƙar fata. A Afirka ta Yamma adadin da ake samu kaɗan ne ƙwarai, amma gano cutar yana bukatar likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da hoton na'urar MRI, wani lokaci da ɗibar ruwan gadon baya, abubuwan da sai a manyan asibitocin koyarwa ake samunsu. Matashiyar da ƙafarta ta mutu ta warke, bayan shekara ido ya rufe ya buɗe, a wurare da yawa a ƙasar Hausa za a fara kai ta wajen masu maganin jifa ko iska ne kafin a tuna da asibiti.

Malama a keken guragu

A 1979 ta koma Austin ta zama malama a makarantar nazarin harkokin mulki mai ɗauke da sunan Lyndon Johnson, a jami'ar nan da ba za ta iya shiga ba a 1952. Tana koyar da ɗa'ar riƙon amanar jama'a, kuma ɗalibai sun yi wa darasin nata yawa har sai da aka koma yin ƙuri'a kafin a ba mutum gurbi.

Abin da likitoci ke da shi a wancan lokaci bai wuce magungunan sitiroyid ba, waɗanda ke kwantar da cutar idan ta taso amma ba sa hana ta ci gaba, ga kuma illa idan an daɗe ana sha. Sauran aikin duk na yau da kullum ne: motsa gaɓoɓi don kada su sandare, kiyaye ciwon mafitsara da gyambon zama, tsara aiki a sa'o'in da jiki ke da ƙarfi, da guje wa zafi. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ɗumamar jiki tana tsananta alamomin cutar na ɗan lokaci, har ma a da likitoci kan sa mutum a ruwan zafi don su gwada ko ita ce. Texas kuwa ƙasa ce mai zafi, ko da bai kai na Kano a watan Afrilu ba. Ninkaya na cikin abubuwan da ake ba masu cutar shawara, domin ruwa yana ɗauke nauyin jiki kuma yana sanyaya shi.

Wannan ninkaya ce ta kusa kashe ta. A watan Yulin 1988, kwanaki kaɗan bayan ta yi jawabi a taron jam'iyyarta a Atlanta, ta suma a cikin ruwan ninkaya na gidanta. Nancy Earl, wadda suka shafe shekaru suna zaune gida ɗaya kuma ita ke ɗauke da yawancin ɗawainiyar jinyarta, ita ta same ta a ruwan, ta ciro ta, aka garzaya da ita asibiti. Ta farfaɗo, kuma a sanadin wannan hatsari ne jama'a suka ji sunan cutar da ta ɓoye shekara goma sha biyar.

Bayan haka ba ta ja da baya ba. A 1991 Gwamna Ann Richards ta naɗa ta mai ba ta shawara kan ɗa'a, inda take yi wa waɗanda za a ba muƙami gargaɗi a kan amfani da ofis don amfanin kai. A watan Yulin 1992 ta sake gabatar da babban jawabin taron Democrat a zauren da ta yi na 1976, wannan karon a zaune a keken guragu, a gaban kyamarorin duniya. Shekara biyu kafin nan, a 1990, Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa gine-ginen jama'a da wuraren aiki su yi tanadi ga masu nakasa. Najeriya ta samu irin wannan doka a watan Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin ya cika a 2024, kuma duk wanda ya taɓa tura keken guragu zuwa wani ofishin gwamnati ko banki ya san matakala nawa ke nan daram.

Aikinta na ƙarshe

Shugaba Bill Clinton ya naɗa ta shugabar hukumar nazarin dokokin shige da fice, ya kuma ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka a watan Agustan 1994. Hukumar ta ba da shawarar a tsaurara hana shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, a kuma rage yawan baƙin da ake karɓa bisa doka zuwa kimanin 550,000 a shekara, amma ta ƙi amincewa a hana baƙin da ke zaune bisa doka tallafin gwamnati. Har yau ɓangarorin biyu na wannan muhawara kowa yana jan sunanta zuwa nasa gefen.

Maganin farko da aka tabbatar yana rage tasowar cutar MS, wato intaferon beta, an amince da shi a Amurka ne a 1993, kuma an yi shi ne don masu nau'in da ke tasowa ya lafa. Masu nau'in da ke ci gaba tun daga farko sai a watan Maris na 2017 suka samu nasu na farko, mai suna okrelizumab, shi ma rage gudun cutar yake yi, ba ya mayar da abin da ya tafi, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai a Afirka. A 2020 an ƙiyasta masu cutar a duniya sun kai miliyan 2.8. A 2022 wani bincike a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowane baligi ke ɗauke da ita, tana ninka haɗarin samun MS sau 32, abin da ya sa masana suka karkata ga neman rigakafinta.

Barbara Jordan ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan na baya ba. A shekarunta na ƙarshe sankarar jini ta haɗu da cutar da take fama da ita, amma ta ci gaba da koyarwa da jagorantar hukumar. Ta mutu a Austin a ranar 17 ga watan Janairun 1996 sakamakon ciwon huhu, saura wata guda ta cika shekara 60. Ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma bar 'ya'ya ba.

Shugaba Clinton na cikin waɗanda suka yi jawabi a wajen jana'izarta a cocin Good Hope da ke Houston, inda ta tashi tana zuwa da iyayenta. An binne ta a maƙabartar gwamnatin jihar Texas da ke Austin, wurin da aka keɓe wa gwamnoni da manyan jihar, ciki har da sojojin kudu da suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta. Ita ce baƙar fata ta farko da aka binne a wurin.